Daga gefen waya zuwa cikin injin jirgi: yadda titaniyum ke gajiya har ya tsage

Tun daga watan Satumban 2023, lokacin da Apple ya fito da iPhone 15 Pro, kalmar titaniyum ta shiga bakin masu sayar da waya da masu sayenta. A Janairun 2024 Samsung ya biyo baya da Galaxy S24 Ultra, ita ma da titaniyum a gefenta. Tallan duk kusan iri ɗaya ne: ƙarfe ne na jiragen sama, ga ƙwari ga rashin nauyi. Batun rashin nauyin gaskiya ne, domin iPhone 14 Pro giram 206 ce, wadda ta gaje ta kuwa giram 187. Batun jirgin ma ba ƙarya ba ne. Haɗin da Apple ya yi amfani da shi, wanda injiniyoyi ke rubutawa Ti-6Al-4V, wato titaniyum kashi 90 cikin 100, alminiyum kashi 6, banadiyum kashi 4, shi ne dai ake ƙera manyan fankokin gaban injin jirgi da faya-fayan da ke riƙe da su.

Abin da tallan bai faɗa ba shi ne masu ƙera injin jirgi ba su taɓa ɗaukar titaniyum a matsayin ƙarfen da ba ya mutuwa ba. Kowane faifai da ke juyawa a cikin inji yana da lamba, yana da littafin da ake rubuta sau nawa ya tashi sama ya sauka, kuma idan adadin ya cika cire shi ake yi ko da yana ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi. Dalili kuwa ƙarfe yana gajiya. A cikin dangin titaniyum kuma akwai wani ɗan auta, titaniyum aluminaid, a taƙaice TiAl, wanda ya fi kowa rage wa inji nauyi, ya kuma fi kowa ba injiniyoyi ciwon kai a kan wannan magana ta gajiya.

Gajiya ba tsufa ba ce

Duk mai waya ya san inda wayar caji take mutuwa: a wuya, daidai inda take haɗuwa da kan da ake sokawa. Ba wanda ya taɓa fizgar ta da ƙarfin da zai tsinka tagullar da ke ciki. Lanƙwasawa ce kawai, yau kaɗan gobe kaɗan, a kan gado, a cikin aljihu, a jikin fawa bank, har siraran wayoyin cikin suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta daina caji ba a ranar ta lalace ba, a ranar ce dai silin ƙarshe ya rabu.

Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. Nauyin da bai isa ya karya abu a tashi ɗaya ba, idan aka yi ta ɗora shi ana saukewa sau dubbai ko miliyoyi, sai ya karya shi. Ba yawan shekaru ne ke kawo ta ba, yawan maimaici ne. Wayar cajin da aka ajiye a kwali shekara biyar lafiyarta lau, wadda ake murɗawa kullum ba ta kai wata shida.

Yadda abin ke tafiya, mai sayar da yadi ya fi kowa saninsa ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Idan zai yanka yadi biyar, ba ya kama tsakiyar ƙyalle ya ja. Sai ya ɗan tsaga baki da almakashi, sannan ya ja, ƙyallen ya kece har ƙarshe. Ɗan tsagin nan ne ke tattara duk ƙarfin jan a kan tsini guda. Haka ƙarfe yake. Ana farawa da wani ɗan aibi da ido ba ya gani, ko kwarzane, ko ramin iska da ya maƙale lokacin zubi, ko wani datti da ya shiga narkakken ƙarfen. Duk lokacin da aka ja, bakin tsagar ya buɗe ya ɗan matsa gaba, idan aka saki ya rufe. A ƙarafa da yawa kowane ja yana barin layi guda a fuskar tsagar, irin layukan da ruwa ke bari a yashin rafi, har masu bincike kan iya ƙirga su da na'urar ƙara girman gani su gane tun yaushe tsagar ta fara tafiya. Idan ta yi tsawon da sauran ƙarfen ba zai iya riƙe nauyin ba, sai ya dare gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido.

A cikin wayar ma akwai irin wannan, kuma ita ce ta fi cin kuɗin mutane. Ƙarƙashin kowace IC da ke kan fanel akwai ƙananan ƙwallayen dalma da suka manna ta. Waya ta yi zafi a wajen gem ko caji, ta huce, ta sake yin zafi. Fanel da IC ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi, saboda haka dalmar da ke tsakaninsu ce ke shan ja da saki. Ƙara da lanƙwasuwar aljihun baya da faɗuwa ƙasa, wata rana sai network ya ɗauke ko taci ya daina amsawa. Shi ya sa idan mai gyara a Farm Centre ya hura wa IC bulowa wayar kan farfaɗo, bayan 'yan makonni kuma ta koma gidan jiya: zafin ya ɗan haɗa bakin tsagar ne kawai. Gyaran da ke daɗewa shi ne a ɗaga IC ɗin a sake mata sabbin ƙwallayen dalma.

Turawa sun fara fahimtar gajiyar ƙarfe ne ta hanyar jirgin ƙasa. A shekarun 1850 da 1860 wani injiniyan Jamus, August Wöhler, ya yi ta juya sandunan ƙafafun jirgin ƙasa a na'urar gwaji yana ƙirga juyi nawa kowanne ke yi kafin ya karye. Jirgin sama kuwa ya koyi nasa darasin a 1954, da jiragen Comet biyu na Ingila suka tarwatse a sama kusa da Italiya, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu. Masu bincike a Farnborough suka saka gangar jikin wani Comet a katon tankin ruwa, suna cika shi da matsi suna saukewa, kamar yadda jirgi ke yi a kowace tafiya. Da aka haɗa da tafiye-tafiyen da ya riga ya yi, bai wuce zagaye dubu uku da 'yan kai ba jikin ya tsage daga kusurwar wata kafa.

Faifai biyu, ƙarfe iri ɗaya da na waya

Ranar 19 ga Yulin 1989 jirgin DC-10 na kamfanin United yana tafiya a saman jihar Iowa ta Amurka da mutum 296, sai faifan fankar injin da ke wutsiya ya fashe. Ɓarɓashinsa ya yanke dukkan layukan man haidurolik uku da ake sarrafa jirgin da su. Matuƙan suka lallaɓa shi da injina biyun da suka rage har filin jirgin Sioux City, inda ya kife wajen sauka. Sama da mutum 110 suka rasu. Sai bayan kusan wata uku aka tsinci babban ɓangaren faifan a gonar masara. Da aka duba, tsagar ta taso ne daga wani ɗan tabo mai tauri da gautsi da ya samu tun wajen narka titaniyum ɗin a farkon shekarun 1970. Ta yi shekara da shekaru tana rarrafe, har an taɓa duba faifan tana nan ba a gan ta ba.

Bayan wannan aka gyara hanyar narka titaniyum, aka tsaurara dubawa. Duk da haka, ranar 30 ga Satumban 2017, jirgin A380 na Air France da ya taso daga Paris zuwa Los Angeles ya rasa gaban injinsa ɗaya ɗungurungum a saman Greenland. Ya sauka lafiya a Goose Bay ta Kanada, ba wanda ya ji rauni. An shafe kusan shekara biyu ana neman guntun da ya faɗi, sai a tsakiyar 2019 aka tono shi daga ƙarƙashin ƙanƙara. Rahoton hukumar binciken Faransa na 2020 ya nuna wata irin gajiya ce da ke tasowa idan aka ja ƙarfen aka riƙe shi a jaye na wani lokaci, ba ja a saki nan take ba, kuma tana farawa daga cikin naman ƙarfen inda ba a gani daga waje. Kafin nan an ɗauka Ti-6Al-4V ba ya kamuwa da irin wannan.

Wannan ba dalili ba ne na mai iPhone ya tayar da hankalinsa. Gefen waya ba ya ɗaukar ko kusa da nauyin da faifan inji ke ɗauka, gilashi da batir za su riga shi tafiya da nisa. Abin lura dai shi ne wannan shi ne titaniyum mai haƙuri, mai danƙo, wanda ake iya ja ya miƙe da kashi 10 cikin 100 ko fiye kafin ya tsinke, wanda kuma aka yi shekaru sama da sittin ana aiki da shi. Idan shi yana iya ba da mamaki haka, to ina ga ɗan'uwansa mai gautsi?

Ɗan autan da ba ya son wasa

Injin jirgi iska yake zuƙa ta gaba, ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, sannan iskar mai zafi ta fita ta baya tana juya jerin farfeloli. Farfelolin bayan nan su ne ke juya fankar gaba. Titaniyum irin na waya ba ya iya zama a can, domin da zafi ya haura wajen digiri 400 a ma'aunin Salshiyas sai ya fara saki. Saboda haka tun da daɗewa haɗin nikel ake sakawa, mai jure wuta amma mai nauyin tsiya: sama da giram 8 a kowane ɗan murabba'in dunƙule mai faɗin santimita guda. TiAl kuwa wajen giram 4 ne, rabi ke nan, kuma yana riƙe ƙarfinsa har wajen digiri 700 zuwa 750.

Rabin nauyi a abin da ke juyawa ba ƙaramin abu ba ne. Fiffiken farfela yana ƙoƙarin fizge kansa daga faifai kamar dutse a majajjawa, kuma ƙarfin fizgar ya dogara da nauyinsa. Fiffike ya yi sauƙi, faifan da ke riƙe da shi ma sai a rage masa kauri, haka abin ke bi har kan sauran sassan. Ƙarshenta mai ne ke raguwa, kuma mai na cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin kamfanin jirgi.

To me ya sa aka daɗe ba a saka shi ba, alhali tun shekarun 1950 aka san shi? Amsar tana cikin yadda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru. A haɗin ƙarfe na yau da kullum, ƙwayoyin alminiyum warwatse suke cikin titaniyum kamar gishiri a miya, kuma layukan ƙwayoyin suna iya zamewa a kan juna idan an matsa, shi ya sa ƙarfen ke lanƙwasa maimakon ya karye. A TiAl kusan rabi da rabi ne, kuma a jere suke sahu-sahu, sahun titaniyum sai sahun alminiyum, kowa da gurbinsa. Wannan tsarin ne ke hana shi saki a cikin wuta, shi ne kuma ke hana sahun zamewa idan yana sanyi. A zafin ɗaki, da ƙyar yake miƙewa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 kafin ya ɓalle. Halinsa na tsakanin ƙarfe da tangaran.

Kamfanin GE ne ya fara yin ta maza. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincikensa suka samo haɗin da ake kira 48-2-2, wato a kowace ƙwaya 100 akwai alminiyum 48, kuromiyum 2, niyobiyum 2, sauran titaniyum. An gwada shi a inji a farkon shekarun 1990, amma sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin ya shiga aikin kasuwanci, a injin GEnx da ya fara aiki a Boeing 747-8 a 2011, sannan a 787 a 2012. A can ƙarshen injin aka saka shi, a layukan farfela na baya inda zafi ya ɗan ragu. Duk wanda ya hau 787 na Qatar Airways ko na Saudia ya yi tafiya a kan waɗannan fukafukan. Injin LEAP da ke jikin Boeing 737 MAX da yawancin Airbus A320neo shi ma yana da su. Masu mota ma sun riga masu jirgi: tun 1999 Mitsubishi ya saka TiAl a tobon wani samfurin Lancer Evolution VI.

Lissafin da ke hana injiniya barci

A farkon shekarun 1960 wani Ba'amurke, Paul Paris, ya nuna cewa ana iya lissafa saurin tafiyar tsaga. Abin da ke tura ta shi ne yawan jan da ke taruwa a tsininta, wanda ya dogara da nauyin da aka ɗora da kuma tsawon tsagar kanta. Saurin ba ya ƙaruwa daidai da jan, ninkuwa yake yi, kuma kowane ƙarfe da lambar ninkinsa. A yawancin ƙarafan da aka saba da su, lambar tana tsakanin 2 da 4. A TiAl takan kai 10, a wasu gwaje-gwajen ma ta wuce haka nesa.

A takarda bambancin 3 da 10 bai yi kama da wani abu ba, sai an buga shi a kalkuleta. Idan jan da ke bakin tsaga ya ninka sau biyu, a ƙarfe mai lamba 3 saurin zai ninka sau 8, wato 2 sau 2 sau 2. A mai lamba 10 zai ninka sau 1,024. Ko ƙarin kashi 10 cikin 100 kacal aka samu, na farko zai ƙara sauri da wajen kashi 33, na biyu kuwa zai ninka fiye da sau biyu da rabi. Tun da kuma tsagar da kanta tana ƙara jan yayin da take tsawo, abin ya zama kamar gangara: tana tafiya tana ƙara wa kanta gudu.

Ga kuma matsala ta biyu. Tsawon tsagar da ƙarfe zai iya ɗauka kafin ya dare ya dogara da juriyarsa, kuma ninki biyu ake yi wa lissafin. Ƙarfen da juriyarsa ta zama kashi ɗaya cikin uku na wani, tsagar da za ta kashe shi kashi ɗaya cikin tara ce, idan nauyin iri ɗaya ne. Juriyar TiAl kuwa ba ta fi kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na ta titaniyum irin na waya ba. Ke nan tsagarsa ta fi sauri, kuma tafiyar da za ta yi ta fi gajarta.

Wannan ya rushe dabarar da aka saba. A ƙarfe mai danƙo injiniya kan ce: a ɗauka akwai tsaga ƙarama, za ta ɗauki tafiya dubu kaza kafin ta yi haɗari, saboda haka a riƙa dubawa kafin lokacin. Kamar dai yadda waya ke nuna lafiyar batir tana sauka daga 100 zuwa 90 zuwa 80, mutum yana gani yana shiri. TiAl ya fi kama da batirin da ke nuna 100 yau, gobe ya mutu. Tazarar da ke tsakanin lokacin da tsaga ta fara motsi da lokacin da fiffike ya ɓalle ta yi kaɗan a dogara da ita. Dole aka koma wata dabarar: a tsara fiffiken yadda jan da ke bakin duk wani aibi da ake tsammani ba zai taɓa kai matakin da zai motsa shi ba. Akwai wata iyaka da idan ja bai kai ta ba tsaga ba ta tafiya, sai a zauna ƙasa da ita. Shi ya sa ake yi wa fukafukan TiAl baki mai ɗan kauri, ake guje wa kusurwa mai kaifi, ake kuma harba musu ƙananan abubuwa a ɗakin gwaji don a ga irin raunin da za su ji, sannan a gwada ko raunin zai girma.

Abin mamakin shi ne TiAl mai santsi, wanda ba shi da aibi, gwani ne wajen jure maimaici. Ana iya ɗora masa kaso mai yawa na nauyin da zai karya shi a tashi ɗaya, a yi ta maimaitawa sau miliyoyi yana nan. Matsalarsa ba saurin gajiya ba ce, rashin yafiya ne. Spana ta faɗo a kansa wajen gyara, ko wani guntun ƙarfe ya taso daga gaban inji ya buge shi, inda nikel zai lotsa ya ci gaba da aiki, shi sai ya yi ɗan tsagi, daga nan kuma lissafin Paris ya karɓi aiki. Zafin ma yana ƙara nasa: bayan ya daɗe a wuta iskar oksijin kan shiga fatarsa, idan ya huce sai ya fi da gautsi.

Mai faskare ya san sirrin

Idan aka yanka TiAl aka duba cikinsa, ana iya ganin ɗaya daga manyan tsare-tsare biyu, gwargwadon yadda aka gasa shi aka kuma sanyaya shi. Wani falle-falle yake, siraran faranti a jere kamar shafukan littafi, rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fuskanci wani ɓangare. Wani kuma gauraye ne, ƙananan dunƙule haɗe da 'yan rukunonin falle.

Mai faskare ya san itace ta jijiyarsa yake tsagewa, idan aka sare shi a gicciye gatari ne ke shan wahala. Haka tsarin falle yake. Tsagar da ta zo a gicciye sai ta yi ta karo da faranti, ta karkace, ta rabu biyu, ta bar wasu guntaye a baya da ba su tsinke ba suna riƙe da bakinta kamar ɗinki. Wannan yana rage mata gudu sosai. Amma idan aka yi rashin sa'a wani babban rukuni ya kwanta yadda jan ke buɗe shafukansa, sai ya tsage tsakanin falle da falle a lokaci guda, tsaga mai girman rukunin gaba ɗaya ta samu ba tare da ta yi wata doguwar tafiya ba. Tsarin gauraye kuwa ya fi miƙuwa, ya fi wuyar fara tsagewa, amma da ta fara ba abin da ke tare ta.

Akwai wani tarko a nan da ya daɗe yana damun masu bincike. Iyakar nan da aka ce tsaga ba ta motsi ƙasa da ita, galibi da doguwar tsaga ake auna ta, wadda ta riga ta tara ɗinkin da ke riƙe ta a baya. Ƙaramar tsaga sabuwar haihuwa ba ta da wannan ɗinkin, saboda haka tana iya tafiya a matakin jan da takarda ta ce babu komai. Injiniyan da ya ɗauki lambar doguwar tsaga ya tsara fiffike da ita ya yaudari kansa. Babu tsarin da ya fi a kowane fanni, kowane kamfani zaɓa yake yi wace matsalar zai iya zama da ita, kuma kusan kowa ya yarda cewa ƙananan rukunoni sun fi manya aminci.

Abin da ya faru a Indiya

Pratt & Whitney ya ɗauki wata hanya daban a injinsa PW1100G, wanda ya fara aiki a A320neo a Janairun 2016. Ya saka giya tsakanin fankar gaba da farfelar baya, yadda ta bayan ke juyawa wajen sau uku na gudun fankar. Ƙarfin fizga kuwa ninki biyu yake bi: gudu ya ninka uku, fizga ta ninka tara. Zubi irin na GE ba zai ɗauki wannan ba, sai aka yi amfani da wani sabon haɗin TiAl mai suna TNM, wanda ake ƙerawa da matsi, aikin da kamfanin MTU na Jamus da jami'ar Leoben ta Ostiriya suka yi ruwa da tsaki a ciki. A layi na uku na farfelar baya aka saka shi.

Ba a jima ba fukafukan layin suka fara karyewa a cikin aiki. Bayanin hukumomi shi ne ba sa jure bugun ɓarɓashin da ke tasowa daga sassan gaba. Kamfanonin IndiGo da GoAir na Indiya, da yake suna da irin waɗannan jiragen da yawa, su suka fi ɗanɗanawa, jirage suna tashi suna juyowa da inji ɗaya. A ƙarshen 2019 hukumar kula da sufurin sama ta Indiya ta ba IndiGo wa'adin ƙarshen Janairun 2020 ya sauya duk injinan da ba a gyara ba, daga baya aka ƙara wa'adin. Hukumar Amurka ma ta ba da umarnin cire fukafukan. Maganin da aka samu shi ne sauya su da wasu na ƙarfen da ya fi jure bugu, wato an haƙura da sauƙin nauyin a wannan gurbin. (Kada a haɗa wannan da matsalar da ta sa aka ajiye ɗaruruwan jiragen A320neo daga 2023. Waccan gurɓataccen garin nikel ne a cikin faya-fayai, ba ruwan TiAl.)

Wasu sun ɗauki labarin a matsayin shaidar cewa TiAl bai dace da inji ba. Hujjar ba ta tsaya ba, tun da na GEnx sun haura shekara goma suna aiki a ɗaruruwan jirage. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ƙarfen yana da ɗan ƙaramin fili da yake aiki lafiya a cikinsa, kuma farfela mai tsananin gudu tana rage filin, domin bugun da abu zai yi wa fiffike ya fi tsanani, jan da ke jiran raunin ma ya fi yawa. Ko a waya an ga irin wannan ja da baya, duk da dalilin daban ne: a 2025 Apple ya mayar da iPhone 17 Pro jikin alminiyum, wanda ya fi titaniyum fitar da zafi nesa ba kusa ba, ya bar titaniyum a iPhone Air, inda sirantaka ta sa ƙwari ya fi muhimmanci.

Fukafukan da ake bugawa da firinta

TiAl yana da wuyar sha'ani tun wajen ƙira. Narkakkensa yana cin jikin tukunyar da aka narka shi, yana saurin daskarewa kafin ya cika siririn gurbi, wajen yanka kuma yana cinye bakin na'ura yana ɓantarewa. Don injin GE9X na Boeing 777X, wanda hukumar Amurka ta amince da shi a Satumban 2020, kamfanin Avio Aero da ke Cameri a arewacin Italiya buga fukafukan yake yi da firintar 3D. Ana shimfiɗa garin ƙarfen siriri a ɗakin da aka zuƙe wa iska, a bi shi da harshen lantarki ya narkar da siffar da ake so, a sake shimfiɗa wani a kai. Kafin narkarwar sai an ɗumama garin zuwa wajen digiri 1,000, domin idan ya huce da sauri tun a cikin na'urar zai tsattsage.

Firintar ta magance wasu aibobin zubi, ta kuma zo da nata. Fatar abin da ta buga kaushi gare ta kamar dutsen niƙa, kuma kowane ɗan kwari a wannan kaushin tsagin almakashi ne da ke jiran a ja. A ciki akan samu ƙananan ramukan iska, ko gurbin da gari bai narke duka ba. Alminiyum ma yakan ɗan tashi ya zama tururi a wajen narkarwar, sai wani falle ya fi wani yawansa, tsarin cikin ya bambanta daga sahu zuwa sahu. Shi ya sa fiffike ba ya fita daga firinta ya wuce inji. Sai an saka shi a tukunyar matsi mai zafin da ya kai wajen digiri 1,200 don ramukan ciki su rufe, a sake gasa shi don tsarin cikinsa ya daidaita, a goge fatar har ta yi santsi, sannan a haska shi da na'urar hoton ciki, a kuma shafa masa wani ruwa mai ƙyalli da ke shiga duk wata tsaga ya fito fili a ƙarƙashin fitila ta musamman. Irin wannan ruwan aka shafa wa faifan Sioux City a dubawarsa ta ƙarshe, kuma bayan haɗarin masu bincike sun sami ragowarsa a cikin tsagar.